Babi na Bakwai: Ƙananan Kalmomin da ke Ɗauke da Turancin Takarda

In ka ɗauki jaridar Turanci, ko takardar sanarwa daga ofis, ko littafin kimiyya, ka ce za ka ƙirga kalmomin da suka fi yawan fitowa, ba manyan kalmomin nan masu cika baki za ka tarar a sahun gaba ba. An taɓa yin wannan ƙirgar. A farkon shekarun 1960 wasu malamai biyu a Jami'ar Brown ta Amurka, Henry Kučera da Nelson Francis, suka tattara rubuce-rubucen da aka buga a ƙasar cikin shekarar 1961, kalma wajen miliyan ɗaya, daga jaridu da littattafan hikaya da takardun gwamnati da na ilimi, suka zuba su a kwamfuta ta ƙirga. Kalmar *the* ce ta zo ta ɗaya. Ta biyu kuwa *of* ce, 'yar mitsitsiyar kalma mai baƙi biyu, wadda a matsakaicin lissafi ba za ka karanta kalma 30 ba ka ci karo da ita ba. Ba da nisa ba sai ga *to* da *in*, can baya kaɗan kuma *for* da *with* da *on*. Raina kama ka ga gayya.

Irin waɗannan kalmomi su ne masu nazarin nahawun Hausa ke kira harafi, ba harafin abacada ba, harafin da ke shiga gaban suna ya nuna dangantakarsa da sauran jimla, kamar *a* da *da* da *daga* da *zuwa* a harshenmu. Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure ko a Islamiyya ya san danginsu, su ne haruffan jarra. Idan harafi ya haɗu da sunan da ke biye da shi, sun zama yankin harafi ke nan: *in the market*, *of the state*, *with a pen*. Abin da nake so mai karatu ya fita da shi daga wannan babi shi ne, Turancin da ake rubutawa a kan waɗannan yankuna yake tsaye, kuma mafi yawan wahalar da ɗalibanmu ke sha wajen karanta shi daga nan take tasowa, ba daga ƙarancin manyan kalmomi ba kamar yadda ake yawan zato.

Baki da alƙalami

Bari mu duba jimla guda a tsanake. Ni na ƙirƙire ta, amma duk wanda ya taɓa karanta sanarwar ma'aikata zai ga ya san irinta:

*The delay in the payment of allowances to teachers in rural areas of the state is a result of changes in the method of verification.*

Kalma 25 ce. Takwas daga ciki haruffa ne. Aikatau kuwa ɗaya tak, wato *is*, kuma sai ka ratsa kalma 15 kafin ka iso gare shi. Duk waɗannan kalmomi 15 abu guda suke bayani, wato *delay*, jinkiri. Jinkirin me? Na biya. Biyan me? Alawus. Ga wa? Ga malamai. Na ina? Na karkara. Karkarar ina? Ta jihar. Kowane yanki yana rataye ne a jikin sunan da ya gabace shi, kamar ayarin raƙuma da aka ɗaure akalar kowane a sirdin na gabansa: madugu ɗaya ne a gaba, sauran duk binsa suke yi, in kuma igiya ɗaya ta kwance a tsakiya, na baya sun ɓata.

To, a ce jami'in da ya rubuta wannan takarda ya haɗu da shugaban malamai a bakin ofis, me zai ce masa? Wataƙila ya ce: *We haven't paid the village teachers yet because we changed how we check their names.* Kalma 15, babu harafi ko ɗaya, aikatau uku: biya, canzawa, dubawa. Saƙon bai canza ba, ginin ne ya sake gaba ɗaya. Mai magana da baki yana jero ayyuka, wannan ya yi kaza saboda wancan ya yi kaza. Mai rubutu kuwa yakan mai da aikin suna, *pay* ya koma *payment*, *verify* ya koma *verification*, kuma da zarar aikatau ya zama suna, ba shi da sauran ikon riƙe mai yi da wanda aka yi wa kai tsaye. Dole ya nemi harafi ya riƙe masa su. Daga nan ne *of* da *in* da *to* ke samun aikin yi har su cika takarda.

Akwai wani abu kuma da ya faru a jimlar farko wanda ya kamata a lura da shi. Kalmar *we* ta ɓace. A maganar baki mun ji wanda bai biya ba, mun ji wanda ya canza tsari. A takarda jinkirin ya zama wani abu da ya auku da kansa, ba mai laifi. Ba kullum ake yin haka da gangan ba, amma ma'aikatu a duk duniya sun san amfanin wannan salo, kuma ɗan ƙasa da ya iya warware irin wannan jimla zai riƙa tambayar da ta dace: to, wa ya yi?

Wannan bambanci tsakanin baki da alƙalami ba hasashe ba ne. A shekarar 1999 Douglas Biber da abokan aikinsa huɗu, Stig Johansson da Geoffrey Leech da Susan Conrad da Edward Finegan, suka fitar da wani katafaren littafin nahawu mai suna *Longman Grammar of Spoken and Written English*, wanda suka gina a kan taskar kalmomi kimanin miliyan 40. Sun kwatanta fage huɗu: hirar yau da kullum, ƙagaggun labarai, jarida, da rubutun ilimi. Sun tarar cewa a cikin duk abubuwan da ke biyo bayan suna don ƙara masa bayani, yankin harafi ya fi kowanne yawa, ya bar ganga mai farawa da *which* ko *who* a baya nesa. A hira ba a cika jin sa a wannan matsayi ba, a jarida da rubutun ilimi kuwa ko'ina shi ne. Sun kuma gano cewa haruffa shida kacal, *of, in, for, on, to, with*, su ke da kusan kashi 90 cikin 100 na wannan aiki, *of* ita kaɗai ta kwashe fiye da rabi. Wannan labari ne mai daɗi ga mai koyo. Turanci yana da haruffa da dama, amma shida ne ke tafiyar da kasuwar.

Yadda aka yi Turanci ya zama haka

Turancin da ake yi a Ingila shekara dubu da suka wuce bai dogara da haruffa haka ba. A lokacin suna yakan canza ƙarshensa don nuna matsayinsa a jimla, ko shi ne mai yi, ko wanda aka yi wa, ko mai mallaka, kusan yadda i'irabi yake a Larabci. Sannu a hankali waɗannan ƙarshen kalmomi suka zaizaye, har abin da ya rage wa suna na nuna matsayi bai wuce *'s* ta mallaka ba. Aikin da suke yi sai ya koma kan jerin kalmomi da kuma haruffa. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, kuma yadda yake nuna mallaka da *de* ya ƙara wa *of* ƙarfi a Turanci.

Kashi na biyu na labarin daga masana kimiyya ya fito. Masanin harshe M.A.K. Halliday ya bi sawun wannan salo na mai da aiki suna har zuwa rubuce-rubucen Isaac Newton, musamman littafinsa kan haske na 1704. Dalilin a fili yake. Mai bincike yakan bayyana abin da ya faru a jimla ɗaya, misali haske ya karkata da ya ratsa gilashi. A jimla ta gaba yana so ya yi magana a kan wannan karkatar, ya auna ta, ya ce ita ta haddasa kaza. Sai ya dunƙule jimlar farko duka ta zama suna guda mai jela, *the bending of light in glass*, ya ɗora sabon bayani a kai. Ta haka ake gina hujja hawa-hawa. Saboda haka bai kamata a ɗauki wannan salo a matsayin cuta kawai ba. Kayan aiki ne na gaske, kuma babu yadda za a yi kimiyya ko shari'a ko tattalin arziki a rubuce ba tare da shi ba. Biber da Bethany Gray, a littafinsu na 2016 kan rubutun ilimi, sun nuna cewa dunƙulewar ma ƙaruwa ta yi ta yi, musamman a ƙarni na 20, inda *in* da *on* da *for* suka ƙara yawa a bayan suna, kuma da ma'anonin da ba su da alaƙa da wuri ko kaɗan, kamar *an increase in demand* ko *the effect on prices*.

Matsalar of

Ita *of* ta cancanci a tsaya a kanta. John Sinclair, wanda ya jagoranci aikin ƙamus na COBUILD a Jami'ar Birmingham, ƙamus ɗin da ya fito a 1987, ya duba yadda take aiki a cikin dubban jimloli na gaske, har ya kai ga shakkar ko ya dace a jera ta tare da sauran haruffa. Sauran sukan gaya maka ina, ko yaushe, ko da me. Ita kuwa mafi yawan aikinta haɗa suna da suna ne, kuma ma'anar haɗin tana canzawa daga wuri zuwa wuri. A *the roof of the house* ɓangare take nunawa. A *a bag of rice* awo ne, kuma abin da ake magana a kai shinkafar ce, ba buhun ba. A *the city of Kano* sunayen biyu abu ɗaya ne. A *the arrival of the train* jirgin ne ya yi aikin, a *the destruction of the bridge* kuwa gadar aka yi wa.

Nan Bahaushe yana da sa'ar da bai cika sanin yana da ita ba. Nasabar Hausa, wato *-n* da *-r* da *na* da *ta*, kusan duk waɗannan ayyuka take yi: rufin ɗaki, buhun shinkafa, birnin Kano, zuwan jirgi, rushewar gada. Har harshen damon da ke cikin *of* muna da shi. *The fear of the soldiers* tana iya nufin sojoji ne ke jin tsoro, tana iya nufin su ake tsoro, kuma “tsoron sojoji” haka yake a Hausa, sai abin da ke kewaye da shi ya raba gardama. Malamin da ya fara koyar da *of* ta wannan ƙofa zai ga ɗalibai sun kama da wuri. Inda za a yi hattara shi ne jeri. Mu mukan ce “ƙofar gidan sarkin garin” ba tare da wani nauyi ba, domin nasabarmu baƙi ɗaya ce da ke manne a jikin kalma. In aka bi wannan da *of* sau uku a Turanci, jimla ta yi nauyi, shi ya sa marubuci mai kunne yakan sassauta da *'s*, ko ya jera suna biyu kai tsaye, ya ce *the palace gate*.

Kowace kalma da abokin tafiyarta

Kuskuren da aka daɗe ana yi a azuzuwanmu shi ne koyar da haruffa a jere, kowanne da ma'anarsa: *on* a kai, *in* a ciki, *at* a wuri. Wannan yana aiki muddin ana maganar kofi da tebur. Har a lokaci ma akwai ɗan tsari da za a iya riƙewa: *at* ga sa'a, *on* ga rana, *in* ga wata da shekara, wato *at five o'clock, on Friday, in March*, inda Hausa ke wadatuwa da “da ƙarfe biyar”, “ran Juma'a”, “a watan Maris”. Amma da an shiga rubutu na ilimi ko na ofis, wannan jeri ba ya kai mutum ko'ina. Babu wani dalili na hankali da ya sa ake cewa *reason for* amma *cause of*, ko *solution to* amma *effect on*. Ana zargin mutum da *accuse of*, a gurfanar da shi da *charge with*, a ɗora masa laifi da *blame for*, alhali ma'anonin uku 'yan gida ɗaya ne. Kalmar da ke gaba ce ke zaɓen harafinta, kuma zaɓin al'ada ce da ta zauna. Wannan ne tushen abin da Susan Hunston da Gill Francis suka kira nahawun tsari a littafinsu na shekarar 2000: kalma ba ta zuwa ita kaɗai, da tsarinta take tafe, kuma wanda ya haddace kalma bai haddace tsarinta ba, rabinta ya sani.

Wani lokaci kuma canjin harafi ba ado ba ne, ma'ana ce ke juyewa. *The strike resulted in a shortage* na nufin yajin aiki ne ya jawo ƙarancin kaya. *The strike resulted from a shortage* na nufin ƙarancin ne ya jawo yajin aikin. Kalma ɗaya ta sauya, sanadi ya koma sakamako. Haka in aka rubuta *the price rose by 500 naira*, ƙarin da aka yi ke nan. In aka ce *rose to 500 naira*, inda farashin ya tsaya ke nan. Ɗan jaridar da ya rikita waɗannan biyu a labarin farashin mai ko na taki ya yaɗa ƙarya ba da niyya ba, mai fassara labarin zuwa Hausa a gidan rediyo kuma zai ɗauke ta ya kai ta ƙauye.

Akwai wasu tsare-tsare da suka zauna daram a Turancin Nijeriya waɗanda ba haka suke a Ingila ko Amurka ba: *discuss about, emphasise on, comprise of, request for* a matsayin aikatau. David Jowitt, Baturen da ya daɗe yana koyarwa a jami'o'in Nijeriya, ya tattauna ire-irensu a littafinsa *Nigerian English Usage* na 1991. Ba daga jahilci suka fito ba. Mai cewa *discuss about* kwaikwayon *talk about* da *discussion about* yake yi, waɗanda duk daidai ne, in Bahaushe ne kuma ga “tattauna a kan” na tura shi ta baya. Ana jin irin wannan a Indiya da wasu ƙasashen da Turanci ya zama harshe na biyu. Su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba: Ingila na cewa *at the weekend*, Amurka na cewa *on the weekend*. Ra'ayina shi ne, babu dalilin wulaƙanta yaro a gaban aji saboda *discuss about*. Amma a gaya masa gaskiya, mai duba takardar WAEC ko NECO zai ja masa jan layi a kai, editan mujallar ilimi ta ƙasar waje ma haka. Ya san duka biyun, ya san inda kowanne ke karɓuwa.

Rubutun ilimi yana kuma da wasu dunƙulallun yankuna da ake ɗauka a ajiye yadda suke, ba a warware su: *on the other hand, as a result of, in the case of, on the basis of, at the same time*. Masu ƙirga sun tarar cewa jerin kalmomin da suka fi maimaituwa a hira yawanci guntayen ganga ne masu wakilin suna da aikatau, a rubutun ilimi kuwa guntayen yankin suna ne da na harafi irin waɗannan. Sau da yawa a farkon jimla suke zama, su gaya wa mai karatu inda aka dosa, ko za a kawo kishiyar magana, ko sakamako, ko misali. Mai karatun da ya saba da su yakan haɗiye su a kallo ɗaya, shi ya sa yake sauri.

Ina aka rataye shi?

Babban haɗarin yankin harafi shi ne ba ya zuwa da alamar inda yake rataye. Duba wannan: *The police stopped the driver with a gun.* Wa ke riƙe da bindiga? In yankin na komawa ga *stopped*, 'yan sanda ne suka tsai da shi da bindiga. In na komawa ga *driver*, direban ne ke ɗauke da ita. Nahawu ya yarda da duka biyun, kuma a rahoton kotu tazarar da ke tsakaninsu tana iya zama ɗauri ko sallama.

Abin yana ƙaruwa da sauri fiye da yadda ake zato. Kenneth Church da Ramesh Patil sun nuna a 1982 cewa in aikatau da karɓau suka samu yankin harafi ɗaya a bayansu, hanyoyin fassara ginin biyu ne. In yankuna biyu ne, hanyoyi biyar. In uku ne, 14. In huɗu ne, 42. Ɗan Adam ba ya ma lura da yawancinsu, domin sanin duniya yana share masa marasa ma'ana tun kafin su iso tunaninsa. Kwamfutar wancan zamani kuwa ba ta da wannan sanin, shi ya sa wannan matsala ta daɗe tana cikin waɗanda suka fi ba masu ƙera manhajar fassara ciwon kai. Ɗalibin da Turanci ba harshen uwarsa ba ne, yana kuma karanta fannin da bai riga ya sani ba, matsayinsa ya fi kusa da na kwamfutar. Ya san ma'anar kowace kalma a jimlar, amma bai san wace ke riƙe da wace ba. Sau da yawa in ɗalibi ya ce “na karanta ban gane ba”, abin da ya same shi ke nan, sai a tura shi ga ƙamus, alhali ƙamus ba shi da maganin wannan.

Maganin a wajen mai rubutu yake, kuma ba shi da wuya: ajiye yanki dab da abin da yake bayani, in kuma na aikatau ne, a kai shi farkon jimla. *With a gun, the police stopped the driver* ba ta da harshen damo.

Dokar da ba doka ba

Kusan duk wanda ya yi makarantar boko an taɓa gaya masa kada ya ƙare jimlar Turanci da harafi. Wannan magana tana da tarihi. A 1672 mawaƙin Ingila John Dryden ya soki Ben Jonson, marubucin da ya riga shi, saboda barin harafi a ƙarshen jimla, daga baya ma ya koma kan wani rubutunsa na da ya gyara irin waɗannan wurare. Latin ba ya yarda da haka, su kuwa malaman wancan zamani Latin ne ma'auninsu na kyau. Robert Lowth, a littafin nahawunsa na 1762, ya amince cewa harshen yana da wannan ɗabi'a kuma ta dace da hira, sai dai ya ga jawo harafin gaba ya fi dacewa da rubutu mai nauyi. Shawara ce ta salo, malaman makaranta na baya suka mai da ita haramci. Gaskiyar magana ita ce duka biyun Turanci ne ingantacce. *The house I live in* daidai ne, *the house in which I live* ma daidai ne, na biyun ya fi sa babbar riga kawai. Rubutun ilimi ya fi karkata ga na biyun, shi ya sa *in which* da *to whom* da *the extent to which* suka cika shi.

Inda Bahaushe ke tuntuɓe a nan daban ne. Mu in mun ja suna gaba, mukan bar wakilinsa a baya: “wuƙar da na yanka nama da ita”. Sai ɗalibi ya rubuta *the knife which I cut the meat with it*. Turancin takarda ba ya karɓar wannan *it* ɗin. Ko dai a bar harafin shi kaɗai a ƙarshe, ko a jawo shi gaban *which*. Wannan gyara ya fi waccan tsohuwar doka amfani ga ɗalibanmu nesa ba kusa ba, amma ba kasafai ake tsayawa a kansa ba.

Rage kaya

Su ma masu harshen sun daɗe suna kuka da yawan haruffa a takardun hukuma. A 1948 Ernest Gowers, wani babban ma'aikacin gwamnatin Birtaniya, ya rubuta *Plain Words* bisa roƙon Baitulmalin ƙasar don gyara rubutun ma'aikata, kuma cikin abubuwan da ya yi wa ca har da dogayen haruffa irin su *in connection with* da *with regard to*, waɗanda sau da yawa *about* kaɗai ta isa ta maye gurbinsu. A Amurka, Richard Lanham ya fitar da *Revising Prose* a 1979, kuma matakin farko na hanyar gyaran da ya koyar shi ne mutum ya ɗauki alƙalami ya kewaye duk harafin da ke cikin jimlarsa. A 2010 ma ƙasar ta kafa doka da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a takardu da harshe mai sauƙi.

Na yarda da su, amma da sharaɗi. Yawan haruffa alama ce, ba ita ce cutar ba. Cutar ita ce aikatau da aka binne a cikin suna ba tare da buƙata ba. In ka tono shi ka mai da shi aikatau, ka nemo mai yinsa ka sa a gaba, haruffan da kansu za su zube. In kuwa ka bi su kana gogewa ɗaya bayan ɗaya don kawai a ce ka rage, za ka ƙare da tulin sunaye a jere, irin *teacher allowance payment delay*, wanda ya fi na farkon duhu, domin harafin da ka cire shi ne ke gaya wa mai karatu dangantakar da ke tsakanin sunayen. A wurinmu kuma akwai ƙarin jaraba: an ɗauka doguwar jimla mai *in respect of* da *with a view to* ita ce shaidar an yi karatu. Takardar neman aiki da ta shekara tana yawo a hannun matasa ana kwafa ba ta burge mai ɗaukar aiki, gajiyar da shi take yi.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka wuce zuwa babi na gaba, nemi sharhin edita na kowace jaridar Turanci, ka zaɓi jimla mafi tsawo a ciki. Kewaye haruffanta, ka ja kibiya daga kowane yanki zuwa kalmar da yake rataye a jikinta, sannan ka faɗi jimlar da Hausa kamar kana gaya wa ƙanenka. Daga yau kuma, duk sabuwar kalmar da za ka shigar a littafinka na ajiye kalmomi, kada ka rubuta ta ita kaɗai: rubuta *depend on*, rubuta *interested in*, rubuta *responsible for*, kowace da harafinta da jimla guda ta misali.